Mene Ne "Nutsewa" a Wasannin Tseren Mota?

A wajen masu buga gem, nutsewa ita ce wasa ya tafi da hankalin mutum har ya manta a gaban allo yake zaune. Ba ta ɓuya. Za ka ga mai wasa yana karkata jikinsa idan mota ta sha kwana, alhali kujerarsa ko motsi ba ta yi ba. In ka yi masa magana, sai ka maimaita.

Da yawa sun ɗauka kyan hoto ne ke kawo ta, amma tsoffin wasannin tsere sun ƙaryata hakan. Ɗauki Out Run, wanda Yu Suzuki ya ƙirƙira wa kamfanin Sega na Japan a 1986. Hotonsa a idon yau ɗigo-ɗigo ne, sai dai kafin ka taka totur, wasan zai nuna maka rediyon mota ka zaɓi kiɗan da kake so cikin guda uku. Daga nan sai jar Ferrari mai buɗaɗɗen kai, da shuɗin sama, ga teku da itatuwa suna wucewa a gefe. Abokin hamayyarka agogo ne kawai. A ƙarshen kowane zango hanya na rabuwa biyu, kai za ka zaɓi dama ko hagu. Suzuki da kansa ya zaga Turai a mota don ya ga hanyoyin da zai kwaikwaya, kuma babbar na'urar wasan tana juya kujera daidai da yadda ka murza sitiyari. Shi ya sa har yau ake tuna Out Run a matsayin tafiyar shan iska, ba don waye ya zo na ɗaya ba.

Wani wasan tseren, Sega Rally, ta wata hanya ya bi: tayar mota na santsi a kan tsakuwa da laka, tana riƙewa a kan kwalta, ga muryar abokin tafiya yana sanar da kai kwanar da ke gaba.

A ganina kunne ya fi ido aiki a wannan harka. Wanda ya buga Need for Speed: Most Wanted na 2005 a gidan gem, a kan PlayStation 2, ya san haka. Birnin Rockport da ake tseren a cikinsa babu shi a duniya, amma da jiniya ta tashi, 'yan sanda suka fara magana ta oba-oba suna kwatanta motarka da inda ka nufa, sai gaba ya fara faɗuwa. Kana ƙara taurin kai suna ƙaro motoci, su tare hanya, su shimfiɗa ƙusoshi, har jirgi mai saukar ungulu ya biyo ka. Rage sautin talabijin ɗin ka ci gaba da bugawa: motocin suna nan, gudun yana nan, amma rabin fargabar ta tafi.