Waiwaye: Shagunan Gado a Kasuwannin Kano

Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499 kuma aka kafa Kasuwar Kurmi a lokacinsa, rumfar ciniki a Kano abar gado ce. Dukawa da 'yan turare da masu sayar da kayan doki kowa da layinsa, kuma yaro yakan tashi a gaban mahaifinsa yana koyon awo da taya kaya, har ya san wanda za a ba bashi da wanda za a sallama da fara'a.

Isowar jirgin ƙasa a 1911 da bunƙasar cinikin gyaɗa sun jawo 'yan kasuwar Siriya da Labanan, waɗanda suka kafa kantunan yadi a wajen ganuwa, inda yanzu ake kira Kantin Kwari. Su ma iyali ne ke riƙe da kantunan, kuma Hausawa da dama sun fara ne a matsayin yaransu. Dokokin 1972 da 1977, waɗanda suka keɓe wa 'yan ƙasa ƙananan sana'o'in saye da sayarwa, sun mayar da yawancin cinikin hannun waɗannan yara da 'ya'yansu.

Abin da ya riƙe irin waɗannan shaguna shi ne amana. Ɗan kasuwa yakan zo daga Maraɗi ko Damagaram ya ɗauki diloli bisa alkawarin baki, domin mahaifinsa da mahaifin mai shagon sun yi shekaru suna hulɗa, yaron da ya daɗe yana hidima kuma akan sallame shi da jari ya buɗe nasa. Da wannan suka jure durƙushewar masaƙun Sharaɗa da Bompai da kwararowar atamfar Sin. Ko babban kantin zamani na Shoprite, da ya buɗe a Kano a 2014 ana ta fargabar zai ƙwace masu saye, ya rufe reshensa na Kano a farkon 2024.

Babbar barazanar, a ganina, tana cikin gida. Idan uban gida ya rasu bai bar rubutaccen lissafi ba, bashin da ke waje yakan salwanta, magada su buƙaci kasonsu, wanda haƙƙinsu ne, a raba jarin da ƙarfinsa yana cikin haɗuwarsa. Gidajen da suka tsira galibi su ne waɗanda magadan suka ƙididdige rabon kowa, suka bar dukiyar a hannun mutum ɗaya yana juyawa, ana raba riba duk shekara.