Mata, al'ada da jama'a a labaran yaƙi: amsoshi ga 'yan furojet

'Yan ajin ƙarshe na jami'a a Samaru suna yawan tare ni da tambayoyi kan batun mata a ƙagaggun labaran tarihi na lokacin yaƙi, musamman in lokacin furojet ya matso, to bari in haɗa amsoshin wuri guda.

Wai mene ne ƙagaggen labarin tarihi na lokacin yaƙi?

Labari ne da marubuci ya ƙirƙiri mutanensa amma ya dasa su cikin yaƙin da aka yi da gaske. Mu kam ba mu rasa yaƙoƙin da za a ɗora labari a kansu ba, akwai jihadin 1804, da zuwan Turawa Zazzau a 1902, da yaƙin Burmi a 1903, da yaƙin Hitila da aka kwashi samarinmu zuwa Bama, sai basasar 1967 zuwa 1970.

To ina ruwan mata, ba maza ke fita daga ba?

Nan fa yawancinku kuke zamewa. Kuna bin jarumi har fagen fama ku manta da gidan da ya bari, alhali abin nazarin yana tsakar gida. Ɗauki matar da aka tafi da mijinta Bama, tana cikin kulle a Tudun Wada, cefane ya tsaya, ita ce ke kaɗi da daddare tana soya ƙosai da asuba ta ɗora wa 'yarta talla, in wasiƙa ta zo sai an nemo mai karanta mata, wato sirrinta ma sai wani ya fara ji. Daga baya wasiƙar ta daina zuwa. Ba ta san ko ta shiga takabar wata huɗu da kwana goma ba ko ta ci gaba da jira, ita ba bazawara ba, ita ba mai miji a gida ba, ga dangin miji sun sa mata ido. To ka duba wa ke yanke hukunci a gidan yanzu, uwar miji ce ko ƙanin miji ko liman, kuma wace al'ada aka sassauta saboda yunwa, wacce aka ƙara tsanantawa. Wallahi babi guda cur ke nan.

Ba sai in kawo Sarauniya Amina kawai ba?

Kowa ita yake kawowa, har na gaji. Eh, ta yi yaƙi, ana danganta ganuwoyi da ita, amma 'yar sarauta ce, rayuwarta ba ta gaya maka komai kan matar talaka. Gara ka haɗa da Nana Asma'u, 1793 zuwa 1864, da ta ga jihadi da idonta sannan ta kafa 'yan taru, ƙungiyar karantar da mata, jajis wato malamai mata suna kai karatu ga matan ƙauyuka.

Ta yaya zan gane marubuci ya yi ƙarin gishiri?

Ka saurari bakin matan labarin. In ka ji macen 1943 tana magana kamar mai rubutu a Facebook, to marubucin ne ya ɗaura wa ra'ayinsa zane. Haka in duk matan kuka kawai suke yi daga farko har ƙarshe, shi ma ƙarya ce.

A ina zan gwada labarin da tarihi?

Ka nemi littafin Baba of Karo na Mary Smith, 1954, tsohuwa ce Bahaushiya ta ba da labarin rayuwarta a ƙasar Kano da nan ƙasar Zazzau, har da harin bayi da zuwan Turawa. Gaskiya Ta Fi Kwabo ma a Zariya aka fara buga ta a 1939, jaridar ta kawo labaran yaƙin Hitila. Sannan ka je wurin tsofaffin unguwarku da suka ga basasa, ka riƙe goro, kuma in kakar gidan ta fara magana kada ka bari maigida ya karɓe zancen.