Mene ne aisin ɗin cakulan, kuma wanne ke jure zafin Sakkwato?

Aisin shi ne abin nan mai laushi da zaƙi da ake lulluɓe kek da shi, ko a shafa a tsakiya idan an yi hawa biyu. Idan aka ce na cakulan, to garin koko aka sa, ko kuma cakulan ɗin kansa aka narkar a ciki. Kalmar ta cika bakin masu sana'ar kek a Facebook da Instagram, amma ba iri ɗaya ba ne, kuma ya kamata mai saye ta san wanne take biya wa kuɗi.

Wanda aka fi yi a gida shi ne na bata, wato man shanun kanti. Awon da ke aiki: bata giram 250, sukarin aisin giram 500, garin koko wajen giram 70, madara cokali 3 ko 4, ɗan gishiri da filebo. Sai ki fara buga batan shi kaɗai har ya tashi ya yi haske, sannan ki tankaɗe sukari da koko ki riƙa zubawa kaɗan-kaɗan. Kada ki sa sukarin shayi, domin ba ya narkewa a cikin mai, mai ci zai ji shi kamar rairayi a haƙori. Haka kuma Milo da Bournvita ba koko zalla ba ne, akwai sukari da madara a cikinsu, shi ya sa aisin ɗinsu ke fitowa a koɗe, zaƙi ya yi masa yawa. Mai son launi ya yi duhu, ɗanɗano ya fito sosai, ta dama kokon da ɗan ruwan zafi, ta bar shi ya huce kafin ta haɗa.

Na biyu shi ne ganash, daga Faransa ya samo asali. Kirim ɗin madara mai kauri ake ɗumamawa a zuba kan yankakken cakulan, a jira kaɗan, a juya har ya yi sheƙi. Awo ɗaya na cakulan da ɗaya na kirim yana ba da mai laushi. Cakulan biyu, kirim ɗaya, yana ba da mai tauri.

To a nan batun garinmu ya shigo. Bata na narkewa a zafin digiri 32 zuwa 35, mu kuwa a watan Afrilu zafi yakan haura 40. Kek ɗin da aka ƙawata a Mabera, kafin Keke Napep ya kai shi gidan biki a Arkilla, furannin aisin ɗin sun kwanta. Abin na ba ni tausayi, don aikin yini guda ne ke lalacewa, kuma sau da yawa laifin ba na hannun mai yi ba ne, na man da ta zaɓa ne. Shi ya sa masu sana'a da yawa ke amfani da majarin irin su Simas, wanda ya fi bata jure zafi, ko da yake bai kai shi daɗi ba. Ni dai na fi son a raba, rabi bata rabi majarin. Idan kuma da hali, ganash mai tauri ya fi aisin ɗin bata tsayawa.

Kada a shafa aisin sai kek ya huce sarai. Ki fara da shafi mara kauri da zai kama ɓurɓushi, ki sa a firij in akwai wuta, sannan ki yi na biyu. Da bazara, a yi aikin da asuba ko bayan isha'i. Da hunturu kuwa batan ne ke daskarewa, sai an fitar da shi tun da wuri ya yi laushi kafin a buga.