Waiwaye: Daga Ina Zancen Koyon Sinanci a Makaranta Ya Taso?

Duk inda iyaye suka zauna kan batun makarantun da ke koyarwa da harsuna biyu, ba a jimawa sai Sinanci ya shigo zancen. Wasu na cewa yaron da ya tashi da shi ya riga ya kama rumfa a kasuwar gobe, wasu kuma na ganin an ɗora masa kayan da suka fi ƙarfin wuyansa. Ana ta ja-in-ja kamar jiya abin ya ɓullo, alhali ya daɗe yana tafe.

Ɓangaren kasuwancin kowa ya san shi. A 1978 Sin ta fara buɗe ƙofofinta, a ƙarshen 2001 ta shiga Ƙungiyar Cinikayya ta Duniya, a 2010 ta sha gaban Japan ta zama ta biyu a ƙarfin tattalin arziki. An buɗe Cibiyar Confucius ta farko, wato cibiyar da Sin ke kafawa a ƙasashen waje don koyar da Sinanci, a Seoul, babban birnin Koriya ta Kudu, a 2004. Afirka ta Kudu ta sa Sinanci cikin darussan zaɓi a 2016, Rasha ta saka shi a jarrabawar kammala sakandare a 2019. Ɗan kasuwar da ya taɓa zama yana kallon bakin tafinta, ana ciniki a kan kuɗinsa bai san me ake cewa ba, ba sai an lallashe shi ya tura ɗansa ajin ba.

Amma salon karatun da ake tallatawa yau ba daga Sin ya fito ba. Daga wani ƙaramin gari ne mai suna Saint-Lambert, kusa da Montreal a lardin Kwibek na Kanada. A farkon shekarun 1960 Faransanci ya fara ƙwace matsayinsa na harshen aiki a lardin Kwibek, sai wasu iyaye masu jin Turanci suka hango cewa ’ya’yansu za su rasa abin yi. Su kansu sun yi shekaru suna darasin Faransanci a makaranta, amma ko gaisuwar kirki ba sa iya ja da nisa. Suka nemi shawarar masana a Jami’ar McGill, cikinsu har da Wallace Lambert, wanda binciken da ya yi da Elizabeth Peal a 1962 ya girgiza tsohon zaton nan cewa harshe biyu na dagula wa yaro ƙwaƙwalwa.

A 1965 aka buɗe ajin farko na ’yan share fage. Malama ba ta furta komai sai da Faransanci, ko da za ta ce a rataye riga ko a wanke hannu. Yaro ya tambaye ta da Turanci, ta fahimta sarai, ta amsa da Faransanci tana nuna abin da hannu. Lissafi da waƙa da zane duk da harshen ake yi. Ba a koyar da shi a matsayin darasi, da shi ake koyar da komai. Bayan ’yan shekaru aka auna yaran, aka tarar Turancinsu bai ja baya ba, lissafinsu ma haka, ga Faransanci a baki. Wannan salon ne ya tsallaka Amurka: a 1981 aka buɗe makarantar Sinanci irin wannan a San Francisco, a 2008 kuma jihar Utah ta yi doka, inda yaro ke yin rabin yini da Turanci, rabi da wani harshe, Sinanci na cikinsu, kowane rabi da malaminsa.

Abin da masu kwaikwayo suka fi mantawa shi ne halin da yaran Saint-Lambert ke ciki. Harshensu na gida ba ya cikin haɗari. Da shi ake magana a talabijin, da shi aka rubuta littattafan da ke ɗakinsu, kuma makarantar ta dawo ta koya musu karatu da shi. Lambert da kansa ya bambanta yaron da sabon harshe ya ƙaru a kan nasa, da wanda sabon ya zo ya ture nasa. A ganina nan ne gizo ke saƙa. Yaron da bai taɓa karanta layi ɗaya da harshen uwarsa ba, yana fama da harshe na biyu a aji, idan aka ƙara masa na uku, gini ne ake ɗorawa ba a haƙa tushe ba.

Ga kuma Sinancin kansa, wanda ba Faransanci ba ne. Gaɓar “ma” kaɗai, gwargwadon yadda aka karya murya, tana iya zama uwa, ko doki, ko zagi. Rubutun kuwa sai yaro ya zauna da littafi mai gidaje huɗu-huɗu, yana jan kowane layi bisa tsarinsa, har ya tara alamomi wajen 3,000 kafin ya iya karanta jarida. Makarantar horar da jami’an diflomasiyyar Amurka tana ƙiyasta awa 2,200 na aji ga mai jin Turanci, kusan ninki uku na abin da Faransanci ke ci. Makarantar da ta rubuta “harsuna biyu” a allon ƙofa amma take ba Sinanci awa biyu a mako, mako 40 a shekara, sai ta shafe shekara 27 da rabi kafin ta cika wannan adadin.