Waiwaye: Yadda Fuloti Hamsin-da-Ɗari Ya Cinye Tsakar Gida

Duk shekara idan bazara ta kankama, daga Maris zuwa Mayu, sai muhawarar ta dawo a Kano da Katsina da Sakkwato: gidan bulo ba ya kwantuwa, ga rashin wutar lantarki, gara a koma ginin ƙasa. Da damina ta yi nisa aka fara jin rushewar gidaje, sai masu goyon bayan siminti su ce ga irinta nan. Kowane ɓangare kayan gini yake kallo, alhali matsalar ta daɗe da samo tushe daga yadda ake yanka fili.

Tarihin kayan ginin sananne ne. Azarar giginya ce ma'aunin magini, domin ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazara ta wuce kamar mita 1.8. Mai son ɗaki mai faɗi sai ya ɗaura bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginshiƙin ƙasa da azara mai tallafe rufi, irin wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi a Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830. Layin dogo ya iso Kano a 1911, kwano da siminti suka samu hanya.

Wurin da ba a cika tsayawa ba shi ne lokacin da sababbin unguwanni suka koma yanka fuloti mai faɗin ƙafa 50 da tsawon ƙafa 100, tare da sharaɗin barin tazara tsakanin gini da iyaka. A tsohon tsari, daga katanga ake farawa. Ɗakuna su jingina da ita suna fuskantar ciki, zaure ya buɗe ga hanya, shigifa ta katse idon baƙo, tsakiya ta zauna a buɗe domin girki da daka da shanya da kwanan zafi. Bangon maƙwabci yana manne da naka, lungu matsattse ne, don haka rana ba ta samun bango da yawa ta gasa.

Sabon tsari ya juya wannan. Fulotin kusan mita 15 ne da 30. Idan ƙa'ida ta ce a bar mita 3 a kowane gefe da baya, 6 a gaba, abin da ya rage na gini mita 9 ne da 21. Ba za a fitar da tsakar gida ta kirki a cikin faɗin mita 9 ba kuma a samu ɗakuna hagu da dama. Sai aka cure ginin a tsakiya, aka ratsa shi da siririn korido, filin da ya kamata ya zama tsakar gida ya tarwatse ya koma zirin da tankin ruwa da janareta kaɗai ke amfana da shi. Bango huɗu duk suna shan rana, na yamma ya fi kowanne, ga shi bulo mai inci 9 ne mai rami, inda a da gindin bangon ƙasa kan kai rabin mita ko fiye. Taga ta koma kallon waje. Saboda sirrin iyali aka ɗaga katanga aka saki labule, iskar da aka bar tazarar dominta ta daina shiga. Tazarar tana da hujjarta, ta gobara da magudanar ruwa, amma an tsara ta ne don gidan da ke fuskantar titi.

Takardun gini suka ƙara ɗaure zancen da suka riƙa kiran siminti gini mai ɗorewa, ƙasa kuwa na wucin gadi. Wanda ya ji an kira gininsa haka ba zai ba ɗansa sana'ar tubali ba, haɗin makuba da laso, kayan shafen da ke hana ruwa shiga ginin ƙasa, ya riƙa ɓacewa tare da tsofaffin magina.

Rushewar da ake gani da damina ma tana da sanadi. Filastar siminti a kan bangon ƙasa ba ta kama shi. Tana tsagewa, ruwa ya shige bayanta ya rasa mafita, bangon ya jiƙe daga ciki. An cike titi ya fi gindin gida tudu, indararo ya toshe, yaɓen shekara ya tsaya. Wanda ya gina da ƙasa a tsakiyar fuloti, babu bangon maƙwabci da ke kare shi, sai ya ɗaga harsashin dutse ko kankare sama da inda ruwa ke kwanciya, ya fito da bakin rufi sosai, musamman ta gabas inda hadari ke bugowa.