Waiwaye: ciwon duwatsun murjani ya girme wa zafin 2024

Tun watan Afrilun 2024, da hukumar NOAA mai kula da teku da yanayi ta Amurka ta sanar cewa duwatsun murjani na tekunan duniya sun shiga koɗewa ta gama-gari (wato komawa fari saboda zafin ruwa) karo na huɗu, maganar ba ta kwanta ba. Ko nan Katsina da ba mu da teku, ta shigo zaurukan WhatsApp na ɗaliban kimiyya da malamansu, musamman da yake labarin ya iske mu muna fitowa daga azumin da aka sha zafin da har gobe ake ba da labarinsa. Wasu na cewa aikin El Nino ne, wato ɗumamar ruwan tekun Pasifik da kan zo duk bayan 'yan shekaru, shekara ɗaya ce za ta wuce. Wasu na cewa ɗumamar yanayi ce, kuma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Duka ɓangarorin suna magana kamar jiya abin ya faro, alhali ya haura shekara 40 yana cin ƙasa.

Murjanin da ake nufi a nan ba ja ɗin da iyayenmu mata ke ɗaurawa a wuya ba ne. Ƙananan halittu ne masu rai da ke gina wa kansu gida na farar ƙasa a ruwa mai ɗumi marar zurfi, har ginin ya zama tudu mai tsawon kilomita da yawa. Na gaɓar Ostareliya ya kai kimanin kilomita 2,300. Ba su cinye ko kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in nau'o'in halittun teku a jikinsu suke rayuwa. A cikin naman murjanin akwai wata gansakuka da ido ba ya gani, ita ke ciyar da shi, ita ke ba shi launi. In ruwa ya ɗara zafin da ya saba kaiwa da digiri 1 kacal, ya kuma ɗauki makonni a haka, sai murjanin ya fitar da ita, ya koma fari fat. In zafin ya sauka da wuri yakan farfaɗo, in ya daɗe yunwa ta kashe shi.

Shekarun koɗewar gama-gari da kowa ke ambata sanannu ne: 1998, 2010, sai 2014 zuwa 2017, sannan wannan na baya. Wani rahoton duniya da ya fito a 2021 ya ce an yi asarar kusan kashi 14 cikin 100 na murjani tsakanin 2009 da 2018.

Shekarar da ba a cika waiwaya ba ita ce 1983, kuma a ganina ita ta fi bayyana yadda ciwon yake.

A arewacin gaɓar Jamaika, cikin tekun Karibiyan, masana sun daɗe suna awon murjani. Mai nutso zai shiga ruwa da tulun iska a baya, ya shimfiɗa igiyar awo a kan dutsen, ya bi ta taƙi-taƙi yana rubutawa a allon da ruwa ba ya ɓatawa: nan murjani mai rai, nan ciyawar teku, nan yashi. A ƙarshen shekarun 1970 wannan awo ya nuna murjani mai rai ya rufe fiye da rabin wurin, ciyawa kuwa kashi 4 cikin 100. Duk wanda ya duba takardar zai ce lafiya lau.

Amma igiyar awo ba ta ƙirga kifi. Tun kafin lokacin, tarkunan waya na masunta sun riga sun kwashe manyan kifayen da ke kiwon ciyawar, musamman kifi mai bakin aku, wanda ke wuni yana kankare dutse da haƙoransa. Masuntan nan talakawa ne masu neman abin kai wa iyali, ba wanda zai ga laifinsu. Sai dai aikin da kifaye iri-iri ke yi ya koma kan halitta ɗaya tilo, wata baƙar bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi da masana ke kira Diadema. Da rana tana laɓe a ramukan dutse, da dare ta fito ta share ciyawa. Ta yi yawa ƙwarai saboda kifayen da ke cinta da waɗanda ke takara da ita wajen abinci duk sun ragu.

A 1980 guguwar Allen ta ragargaza murjanin gaɓar. Wannan ba sabon abu ba ne, murjani ya saba da guguwa, kuma har ya fara tsirowa. Sai a Janairun 1983 aka ga bushiyoyin nan suna mutuwa a gaɓar Panama. Ƙayoyinsu su zube, cikin 'yan kwanaki sai ƙoƙon kawai. Annobar ta bi igiyar ruwa, cikin shekara guda da 'yan makonni ta game Karibiyan har Florida da Bamuda, ta kashe fiye da kashi 90 cikin 100. Masanin nan Harilaos Lessios, wanda ke aiki a Panama, shi ya bi diddigin yaɗuwarta.

Duk manomin da ya taɓa barin gonar gero ba noman farko ba maimai a tsakiyar damina ya san abin da ya biyo baya. Ciyawa ta rufe dutsen, 'ya'yan murjani suka rasa wurin da za su manne su girma. Binciken da masanin murjani Terry Hughes ya wallafa a 1994 ya nuna murjanin Jamaika ya faɗo daga kashi 52 zuwa kashi 3, ciyawa ta tashi daga kashi 4 zuwa 92. A lura, duk wannan ya faru kafin koɗewar 1998.

Ban kawo wannan don rage wa zafi nauyinsa ba. Yau zafin ruwa ne babban makashin murjani, kuma kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi hasashe a 2018 cewa in ɗumamar duniya ta kai digiri 1.5 sama da yadda take kafin zamanin masana'antu za a rasa kashi 70 zuwa 90 na murjanin. Abin da ke damuna shi ne yadda ake tantance lafiyar. Tauraron ɗan'adam yana auna zafin saman ruwa, hoto daga jirgin sama yana nuna inda ya yi fari, amma ko ɗayansu ba ya faɗin ko akwai mai share ciyawa bayan zafin ya wuce. Dutsen da ke da kifinsa da ruwa mai tsafta yana iya murmurewa cikin shekara 10 zuwa 15 in ya samu sarari. Wanda aka kwashe kifinsa, ga takin gona da ƙazantar gari suna malalowa suna ƙara wa ciyawa ƙarfi, bugu ɗaya ya ishe shi. Kuma da yake awo na dindindin a wurare da yawa bai fara ba sai bayan an yi ɓarnar, abin da matashin mai bincike ya tarar a farkon aikinsa shi yake ɗauka a matsayin lafiya.

Wasu sun ɗauki darasi. Bamuda ta hana tarkon kifi a 1990, Beliz ta hana kama kifi mai bakin aku a 2009. Bushiyar kuwa ba ta taɓa komawa yawanta na da ba, sai ga shi a farkon 2022 wata annobar ta sake faɗa mata daga tsibiran Virgin na Karibiyan. A wannan karon an gano sanadin, wata ƙwayar halitta ce mai tantani ɗaya. Kafin ƙarshen 2023 irin wannan mutuwa ta bayyana a 'yan'uwanta na Bahar Maliya, tekun da alhazanmu ke gani a Jidda, wanda murjaninsa na cikin mafi jure zafi a duniya.