Waiwaye: Shekara 20 da Fara Williams Ta Yi a Tsakiyar Fili

Wanda ya ga yadda mutum 87,192 suka cika filin wasa na Wembley ranar 31 ga Yulin 2022, lokacin da matan Ingila suka doke na Jamus da ci 2-1 suka ɗauki kofin nahiyar Turai, zai iya ɗauka cewa ƙwallon ƙafar mata ta daɗe da zama da gindinta a ƙasar. Alhali kuwa matar da ta fi kowa buga wa Ingila wasa a tarihi, maza da mata, ta yi shekarunta na farko a tawagar ƙasar ne ba ta da ɗakin kwana na kanta. Sunanta Fara Williams, 'yar wasan tsakiya ce, kuma ta yi ritaya wata 14 kacal kafin wannan rana ta Wembley. Bin sawun rayuwarta a fili, daga ƙungiya zuwa ƙungiya da kuma daga gasa zuwa gasa, yana nuna yadda wasan ya tashi daga abin da ake yi don sha'awa kawai ya koma sana'ar da mace za ta iya ci da sha a cikinta.

Kafin a kai ga Fara sai an ɗan koma baya. A ƙarshen shekarar 1920 mutum kusan 53,000 ne suka shiga filin Goodison Park da ke birnin Liverpool domin kallon ƙungiyar mata ta Dick, Kerr Ladies, amma a watan Disambar 1921 hukumar ƙwallon ƙafa ta Ingila, wato FA, ta haramta wa mata yin wasa a filayen ƙungiyoyin da ke ƙarƙashinta, bisa hujjar cewa wasan bai dace da mata ba. Haramcin ya ɗauki kusan shekara 50, kuma ko bayan ɗage shi sai a 1993 ne hukumar ta karɓi ragamar ƙwallon mata kai tsaye. Saboda haka lokacin da aka haifi Fara a unguwar Battersea da ke Landan ranar 25 ga Janairun 1984, yarinyar da ke son ƙwallo ba ta da wata shimfiɗaɗɗiyar hanya a gabanta, sai dai ta buga da yara maza a unguwa, ta kuma yi fatan wani ya lura da ita.

Tana da shekara 12 ta shiga ɓangaren yara na Chelsea, ƙungiyar da ta taso tana goyon baya, kuma kafin ta cika 17 ta riga ta shiga babbar tawagar matan ƙungiyar tana zura ƙwallaye. A 2001 ta koma Charlton Athletic, wadda a lokacin tana cikin manya, kuma a watan Nuwambar wannan shekarar kociyar Ingila, Hope Powell, ta saka ta a wasanta na farko na ƙasa, wanda aka yi da Fotugal. Bayan 'yan watanni, a farkon 2002, ta ci wa Ingila ƙwallonta ta farko da bugun tazara, nan ma a ragar Fotugal. Irin wannan bugu, na ajiye ƙwallo a auna a harba, shi ne ya zama tambarinta har ƙarshen wasanta.

A daidai wannan lokaci ne rayuwarta ta waje da fili ta rikice. Saɓani ya shiga tsakaninta da danginta, ta bar gida, ta kuma shafe aƙalla shekara 6 tana yawo tsakanin gidajen kwanan marasa galihu na birnin Landan, a wasu lokuta ma ta kwana a waje. Ta ɓoye wannan hali ga kusan dukan abokan wasanta, tana zuwa atisaye tana komawa kamar kowa. Hope Powell ce ta gano abin da ke faruwa bayan ta lura cewa idan an tashi daga sansanin horo yarinyar ba ta da takamaiman wurin da za ta nufa. Ita ce ta kai ta ofishin da ke kula da marasa matsuguni, ta kuma saya mata jakar barci. Fara ba ta fito ta faɗa wa duniya wannan labari ba sai a 2014, bayan ta riga ta sasanta da mahaifiyarta, wadda suka yi shekaru ba su ga juna ba. A ganina wannan ɓangare na tarihinta ya fi ƙarfin a ɗauke shi a matsayin labarin tausayi na mutum ɗaya. Yana nuna cewa a farkon shekarun 2000 mace za ta iya sanya rigar Ingila, a buga mata taken ƙasa, amma wasan ya kasa biya mata kuɗin hayar ɗaki ɗaya, domin in ban da Fulham da ta gwada biyan 'yan wasanta cikakken albashi daga 2000 zuwa 2003, babu ƙungiyar mata da ke yin hakan a ƙasar.

A Charlton ta kai wasan ƙarshe na kofin FA sau biyu a jere, a 2003 da 2004, kuma duka biyun an doke su da ci 3-0, na farko a hannun Fulham, na biyu a hannun Arsenal. A can ta yi wasa tare da Eniola Aluko, wadda aka haifa a Legas, kuma daga baya suka daɗe tare a tawagar Ingila.

Komawarta Everton a 2004 ita ce ta sauya mata rayuwa. Kociyar ƙungiyar, Mo Marley, ta riƙe ta kamar 'yar cikinta, ta taimaka mata ta samu aikin koyar da yara ƙwallo, kuma da wannan aiki ne a hankali ta samu matsuguni a yankin Liverpool. Ta yi shekara 8 a Everton, magoya baya suna kiranta sarauniya, kuma daga 2006 ta samu abokiyar aiki a tsakiyar fili, Jill Scott, doguwa mai yawan gudu da ƙwace ƙwallo, wadda ta bar wa Fara sararin rarraba wasa da dogon bugu. Matsalar Everton a waɗannan shekaru ita ce Arsenal, wadda ta kankane gasar lig ba ta bar wa kowa ba. Sau biyu Everton ta karya wannan kankanewa: a 2008 ta doke Arsenal da ci 1-0 a wasan ƙarshe na kofin lig, sannan a 2010 ta sake doke ta da ci 3-2 bayan ƙarin lokaci ta ɗauki kofin FA, inda Natasha Dowie ta ci biyu. Kafin wannan kofi, a 2009, an buɗe wa Fara ƙofar tafiya Amurka, inda aka fara sabuwar gasar mata mai biyan albashi kuma wasu manyan 'yan wasan Ingila suka tafi, amma ta zaɓi ta zauna da ƙungiyar da ta tsamo ta daga halin da take ciki.

A ɓangaren tawagar ƙasa kuwa, shekarun nan na hawa ne a hankali. Ingila ta karɓi baƙuncin gasar Turai a 2005 amma ba ta wuce matakin rukuni ba. A gasar kofin duniya ta 2007 a ƙasar Sin ta kai wasan daf da na kusa da na ƙarshe, Amurka ta fitar da ita da ci 3-0, wasan da Fara ba ta buga ba saboda tara katin gargaɗi. Bayan wannan gasa ne 'yan wasan suka fito fili suka koka cewa fam 40 a rana aka biya su, alhali da yawansu sun bar ayyukansu na makonni ba albashi. Kukan bai tafi a banza ba, domin a 2009 hukumar FA ta ba 'yan wasa 17 kwantiragi na fam 16,000 a shekara, kuma Fara na cikinsu. Kuɗin bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da abin da namiji ke samu a mako ɗaya a gasar Firimiya, amma shi ne karo na farko da 'yar wasan Ingila ta san cewa buga wa ƙasarta ƙwallo zai biya mata wani ɓangare na buƙatunta. A wannan shekarar suka kai wasan ƙarshe na gasar Turai a Finland, Fara ta ci ɗaya daga cikin ƙwallaye ukun da suka fitar da masu masaukin baƙi, sai dai a birnin Helsinki Jamus ta lallasa su da ci 6-2, abin da ya nuna irin tazarar da ta rage.

A 2011 aka ƙaddamar da WSL, sabuwar babbar gasar lig ta matan Ingila, da ƙungiyoyi 8. A gasar kofin duniya ta wannan shekara a Jamus Fara ta ci ƙwallo da ka a wasan da suka yi kunnen doki 1-1 da Mekziko, Faransa kuma ta fitar da su a bugun fanareti. A 2012 ta buga wa Ingila wasa na 100, ta kuma shiga tawagar Birtaniya a gasar Olamfik ta Landan. Gasar Turai ta 2013 ta zo musu da muni, ba su ci wasa ko ɗaya ba, aka sallami Hope Powell bayan shekara 15 tana jan ragama.

A ƙarshen 2012 Fara ta tsallaka daga Everton zuwa babbar abokiyar hamayyarta Liverpool, tare da Natasha Dowie da Lucy Bronze. Dalilin a bayyane yake: Liverpool, wadda ta ƙare a ƙasan teburi a kaka biyu na farko na WSL, ta yanke shawarar zuba kuɗi da kuma yawaita ranakun atisaye a ƙarƙashin koci Matt Beard, yayin da Everton ta tsaya a tsohon tsari. Nan take sakamako ya bayyana. Liverpool ta ɗauki kofin gasar WSL a 2013, ta kawo ƙarshen shekara 9 da Arsenal ta yi tana ɗauka a jere, ta kuma sake ɗauka a 2014 a ranar ƙarshe ta gasa, inda ta shiga wasa tana ta uku a teburi, ta doke Bristol da ci 3-0, Chelsea kuma ta sha kashi a hannun Manchester City, aka raba gardama da bambancin ƙwallaye. A 2015 Asisat Oshoala ta Najeriya ta zo Liverpool suka yi wasa tare, kuma a 2016 su biyun suka koma Arsenal, inda suka ɗauki kofin FA a Wembley bayan doke Chelsea da ci 1-0.

Amma idan za a tuna Fara Williams da gasa ɗaya, to gasar kofin duniya ta 2015 ce a Kanada. Ta je ne tana da shekara 31, tana riƙe da tarihin yawan buga wa Ingila wasa, wanda ta karɓe daga hannun Rachel Yankey a watan Agustan 2014. Ta ci fanareti a kan Kolambiya, ta sake cin fanareti a wasan kusa da na ƙarshe da Japan, wasan da ya ƙare cikin hawaye lokacin da Laura Bassett ta ci gida a mintunan ƙarshe aka tashi 2-1. Bayan kwana uku, ranar 4 ga Yuli a birnin Edmonton, suka haɗu da Jamus domin neman matsayi na uku. Kafin wannan rana matan Ingila sun kara da Jamus sau 20 ba su taɓa yin nasara ba, kuma Fara da kanta ta ɗanɗani kaye da dama daga ciki, har da na Helsinki. An tashi minti 90 babu ci, sai a cikin ƙarin lokaci aka riƙe Lianne Sanderson a da'irar Jamus, alƙaliyar wasa ta ba da fanareti. A minti na 108 Fara ta ajiye ƙwallo a gaban Nadine Angerer, ɗaya daga cikin manyan masu tsaron gida na zamaninta, wadda ke buga wasanta na ƙarshe ga Jamus, ta kuma saka ta a raga cikin natsuwa. Tun bayan kofin da maza suka ɗauka a 1966 har zuwa wannan rana, babu babbar tawagar Ingila da ta kai wannan matsayi a gasar kofin duniya. Ina ganin daga wannan bugu ne 'yan wasan Ingila suka daina shiga fili da tsoron Jamus, kuma waɗanda suka yi nasarar 2022, irin su Jill Scott da Lucy Bronze, suna cikin tawagar da ta ga abin da idonta a Edmonton.

Abin da ya biyo baya gangara ce a hankali. An ba ta lambar girmamawa ta MBE a 2016, ta je gasar Turai ta 2017 a Holan inda masu masaukin baƙi suka fitar da Ingila da ci 3-0 a wasan kusa da na ƙarshe, sannan ta koma Reading a wannan shekarar. A can ma ƙafarta ba ta yi sanyi ba, domin ta taɓa jefa ƙwallo a ragar Arsenal tun daga tsakiyar fili. A 2018 gasar WSL ta koma ta cikakkun ƙwararru masu albashi, lokacin Fara tana da shekara 34, wato abin da ta jira tun tana 17 ya iso ne a lokacin da jikinta ya fara gajiya. Koci Phil Neville bai saka ta a tawagar kofin duniya ta 2019 ba, kuma a wannan shekarar ta buga wa Ingila wasanta na ƙarshe.

A 2020 aka gano tana da wani ciwon ƙoda da ke sa sinadarin furotin ya riƙa fita ta fitsari, jiki kuma ya kumbura, sannan magungunan da aka ɗora ta a kai suka ƙara mata nauyi suka hana ta wasa yadda ta saba. A watan Afrilun 2021 ta sanar cewa za ta yi ritaya a ƙarshen kakar, kuma a cikin shekarar ta zama mutum ta farko da aka sanya a jerin gwarazan gasar WSL. Yanzu sharhin wasanni take yi a talabijin, kuma daga kujerar sharhi ta kalli matan Ingila sun ɗauki kofin Turai a 2022, suka kuma kare shi a 2025 bayan doke Sifaniya a bugun fanareti a birnin Basel. Ta buga wa ƙasarta wasa 172 ta ci ƙwallo 40; Jill Scott ta tsaya a 161, Peter Shilton kuma, wanda ya fi kowane namiji buga wa Ingila wasa, yana da 125.